RA'AYI: Hannun da ke jikin tambarin ƙasarmu ba na tahiya ba ne

Duk wanda ya taɓa riƙe fasfon Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ya san zanen da ke kan bangonsa: garkuwa, tuta a kowane gefenta, rana tana leƙowa ta sama. Da ido kowa ya san shi. Amma shiga kasuwar Kilomita Biyar a nan Bangui ka ce a faɗa maka abin da ke cikinsa da Hausa, sai ka riƙe baki. Wannan ya ce giwa ce a gindin kuka. Wancan ya ce taurari ne guda huɗu. Wani ya rantse maka ranar samun 'yancin kai ce aka rubuta. Wani kuma ya ce ai hannun nan yatsan tahiya ne, shaidar cewa tun farko ƙasar ta san da zaman Musulmi. Kowa ya ɗan kusa. To amma kama da wane ba wane ba ne.

Ni malamin firamare ne, kuma alamomin ƙasa suna cikin abin da muke koya wa yara a darasin tarbiyyar ɗan ƙasa. Littafin da Faransanci yake, jarrabawa ma haka. Sai dai yaron da ya fito daga gidan da ake Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Chadi, dole ka sauko ka yi masa bayani da Sango ko da harshen gida kafin abin ya zauna masa. Wajen saukowar nan ake yin ɓari. Ra'ayina shi ne, a fara faɗin abin da aka zana da kalmar da ta dace da shi, sannan a faɗi abin da masu zanen suka nufa. Abin da mu muke so ya zama, a bar shi a zuci. Yaron unguwarmu, fiye da kowane yaro a birnin nan, yana bukatar ya san takamaiman abin da tambarin ƙasarsa ya ce, don akwai ranar da za a tambaye shi ko ƙasar tasa ce.

Sunan abin ma kansa sai an tsaya. Faransawa suna ce masa armoiries. Mu kuma wasu su ce hatimi, wasu alama, wasu tambari. Hatimi shi ne abin da ake dangwalawa a tawada a buga a takarda, kuma a wajen almajirai yana da wata ma'anar daban, ta zanen da malamai ke yi a allo ko a laya. Alama kuwa ta yi faɗi: tuta alama ce, fitilar kan titi ma alama ce. Saura tambari. Asalinsa gangar sarauta ce, wadda ba a kaɗa wa kowa sai sarki, daga baya kalmar ta koma kan zanen da ke nuna iko. Na san akwai abin dariya a ce jamhuriya tana da gangar sarki, musamman mu da muka ɗanɗana sarautar Bokassa daga 1976 zuwa 1979, lokacin da ya ajiye wannan zane ya kawo nasa mai mikiya. Amma kalmar ta riga ta zauna a kunnen Hausawa daga Kano har Damagaram, kuma ta faɗi gaskiyar aikin abin. Tambarin ƙasa dai shi ne.

Tambarin kuma gaɓa-gaɓa ne. Garkuwa daban, abin da ke zaune a kanta daban. A ƙasashen Turai inda al'adar ta fito, mahayi yakan sa wani ado a ƙoƙon hularsa ta ƙarfe don a gane shi a fagen fama, shi ne Faransawa ke kira cimier. Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Kano ko Katsina ya ga ɗan'uwansa a kwalkwalin 'yan lifida, da gashin jimina yana kaɗawa. A tambarin Najeriya, jar mikiyar nan ce ke zaune a wannan gurbi. A namu babu hula, rana ce mai hudowa ta hau kan garkuwar. Ni ina ce wa wannan gurbi zanko, kamar zankon zakara. Kuskure ne a kira duk tambarin da sunan zankonsa, kamar yadda ba a kiran mutum da sunan hularsa.

Sai maganar dama da hagu, wadda ke rikita har malamai. Masana tambari ba daga wajen mai kallo suke lissafi ba, daga wajen wanda ke riƙe da garkuwar suke yi. Abin da suka ce yana dama, kai a hagunka za ka gan shi. Malami ya karanta "dama" a littafi, yara su duba allo su ga abin a hagu, sai a tashi kowa yana zargin idonsa. Maganin wannan kalma biyu ce kawai: a riƙa cewa "hagun mai kallo", "damar mai kallo".

Launuka ma tarko ne ga duk wanda ya iya Faransancin kasuwa bai san na tambari ba. A yarensu kore sinople ne, shuɗi azur, ja gueules. Waɗannan da sauƙi, don baƙin kalmomi ne, mutum zai tsaya ya tambaya. Masu haɗarin su ne waɗanda ka ɗauka ka sani. Sable a bakin kowa yashi ne, a tambari kuwa baƙi ake nufi. Argent a bakin kowa kuɗi ne, a tambari azurfa ce, wato fari. Or zinariya ce, wato rawaya. Wanda ya bi kalma da kalma sai ya fito maka da "hannun yashi" da "giwar kuɗi", kuma wallahi yara za su haddace su rera maka su da murya ɗaya.

To me ke cikin garkuwar? An raba ta gida huɗu, aka ɗora wata ƙaramar garkuwa ja a tsakiya. A gidan sama na hagun mai kallo akwai kan giwa, fari, a kan kore. Kai ne kawai, yana fuskantarka da haurensa. Ba giwa sukutum ba, kuma ba a gindin komai take ba. Yaron da aka koya wa "giwa", idan aka ce ya zana, ƙafafu huɗu da wutsiya zai yi. Nakan ɗan tsaya a nan in gaya musu cewa a watan Mayun 2013 'yan bindiga sun shiga Dzanga Bai, can kudu maso yamma, suka kashe giwaye aƙalla 26 saboda haure. Su san dabbar da ke jikin fasfo tana da rai, kuma tana ƙarewa.

Kusa da shi, a dama, koriyar bishiya ce a kan fari. Bayanai da yawa suna ce mata kuka. Ba na musu da su, amma ni "bishiya" nake fara cewa, sannan in ƙara da "ana ce mata kuka". Kuka a kunnen Bahaushe ba sunan itace ba ne kawai. Miya ce, garin kakanni ne, ƙatuwar gindi ce a bakin kasuwa. Da ka ambace ta, yaro ya daina kallon allo ya koma kallon hoton da ke kansa.

A ƙasa ta hagu, kan rawaya, akwai wasu baƙaƙen siffofi uku masu tsini huɗu-huɗu. Ido taurari yake gani, shi ya sa masu cewa taurari huɗu suke haɗa su da na tsakiya. Amma daiman ake nufi, arzikin da ake tonowa a Berbérati da Carnot da Nola da Boda, da kuma Bria a gabas. Gidajen rediyo sukan ce lu'ulu'u. Kalmar tana da daɗin faɗi, sai dai asalinta a Larabci abin da ake cirowa daga cikin teku ne, mu kuwa ko gaɓar teku ba mu da ita. Namu daga rami da tsakuwar rafi yake fitowa. A unguwar nan ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba, don gidaje da yawa da cinikin dutsen nan aka gina su, kuma da tsarin Kimberley ya dakatar da ƙasar a Mayun 2013 kowa ya ji a tukunyarsa. Sai a Nuwamban 2024 aka ɗage takunkumin gaba ɗaya. Saboda haka abin da nake cewa shi ne: siffar taurari, ma'anar daiman. Tauraro na gaskiya ɗaya ne, rawaya, a kan baƙar taswirar Afirka da ke cikin farin da'ira a ƙaramar garkuwar tsakiya.

Yanzu mu zo kan hannun. Yana ƙasa ta damar mai kallo, baƙi a kan shuɗi, an dunƙule yatsu an miƙe manuniya tana nuni sama, wajen da tauraron yake. Na ji manya da nake girmamawa suna cewa yatsan shahada ne. Na kuma ji abokan aiki Kirista suna cewa sama yake nunawa, wajen Ubangiji. Duka biyun magana ce mai sanyaya rai, kuma duka biyun ba haka ba ne. Hannun alamar jam'iyyar MESAN ce, wadda Barthélemy Boganda ya kafa a 1949. An amince da tambarin ranar 17 ga Mayun 1963, zamanin David Dacko, bayan an mayar da MESAN jam'iyya ɗaya tilo a 1962. Wato alamar jam'iyya ce ta shige cikin tambarin ƙasa a lokacin da ba a bambanta jam'iyya da ƙasa, ta kuma yi zamanta har yau, jam'iyyar ta daɗe da barin mulki.

Wani zai ce, Malam, ina ruwanka? Bar yaro ya ji daɗi, ya ga kansa a jikin tambari. Na fahimci inda maganar ta fito. Amma ka duba abin da ka yi masa. Ka ba shi hujjar zama ɗan ƙasa wadda duk wanda ya buɗe littafin tarihi zai rushe ta cikin minti ɗaya. Ranar da ya faɗe ta a gaban 'yan ajinsu a sakandare, ko a gaban wani ma'aikaci mai neman dalilin wulaƙanta shi, dariya za a yi masa, kuma ba shi kaɗai za a yi wa ba, har da unguwar da ta koya masa. Gara in gaya masa gaskiya: hannun na jam'iyyar Boganda ne, kuma jam'iyyar ta yi wa talaka alkawarin abu biyar, ciyarwa, tufatarwa, warkarwa, ilimantarwa da matsuguni. Wannan ya fi amfani gare shi, don alkawari ne da zai iya tambayar gwamnati inda aka kwana a kansa.

Ranar da ke saman garkuwa tana ɗauke da kwanan wata: 1 ga Disamba 1958. Ba ranar 'yancin kai ba ce. Ranar ce da Ubangi-Shari ta zama Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya mai cin gashin kanta, amma tana nan cikin rukunin ƙasashen da ke ƙarƙashin Faransa. Cikakken 'yanci sai 13 ga Agustan 1960, kuma Boganda bai gan shi ba, ya rasu a hatsarin jirgin sama ranar 29 ga Maris 1959. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san wannan bambanci sarai, don su ma suna da 18 ga Disamba suna da 3 ga Agusta, ba sa kuma haɗa su. Kalmar da ta dace ita ce "ranar kafa jamhuriya". A nan ne kawai dokata ta fara faɗin abin da ido ya gani take ɗan gazawa: rabin rana a kan layi, ido ba zai gaya maka hudowa take ko faɗuwa ba. Wata yarinya ta taɓa tambayata haka, kuma tambaya ce mai kyau. Kwanan watan ne ya raba gardama. Ba a rubuta ranar haihuwa a jikin rana mai faɗuwa.

Can sama da komai akwai ƙyalle mai kalmomi uku na Sango: Zo kwe zo. Nan ne zuciyar maganata.

Yaron da ya tashi da Hausa, idan ya fara haɗa baƙi ya karanta wannan, abin da kunnensa ke ba shi shi ne "zo, kowa zo". Kusan kowace shekara sai na samu wanda ya faɗa, wani da wasa, wani da gaske. Akwai ma manyan da ke maimaita shi da alfahari, wai ƙasar tana kiran kowa ya zo. Daɗin ji kam akwai. Amma zo a Sango ba kira ba ne, mutum ake nufi. Kwe kuma duka. Kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Wanda aka ce wa "zo" baƙo ne, daga wani wuri ya taho. Bahaushe kuwa ya ce baƙo raɓa ne. Wanda ya kira ka yau yana iya sallamarka gobe.

Mu a Kilomita Biyar mun san yadda sallamar take. Bayan Seleka ta ƙwace mulki a Maris 2013 ta yi ɓarnar da ta yi, sai anti-balaka suka afka wa Bangui ranar 5 ga Disamba na shekarar, aka shiga farautar Musulmi unguwa-unguwa. Manyan motoci suka riƙa kwasar mutane zuwa Chadi da Kamaru, cikinsu har da waɗanda kakanninsu a nan aka binne su, waɗanda ba su san kowa a can ba. Kalmar da ta yi ta yawo a lokacin ita ce baƙi. Har yau mai suna Usmanu ko Hawwa'u yakan sha tambayoyin da ba a yi wa wani in ya je neman katin ɗan ƙasa: kawo takardar haihuwar uba, kawo ta kaka. A irin wannan hali, mu da bakinmu mu fassara kalmomin tambari da abin da ke mayar da mu waɗanda aka gayyato? Haba.

Fassarar da aka fi yi kuma, "mutum mutum ne", ita ma ba ta kai ba. Ta zubar da kwe, alhali kwe ɗin ita ce maganar. Ƙari a kan haka, idan Bahaushe ya ce "mutum ai mutum ne", sau da yawa uzuri yake nema wa wanda ya yi laifi, irin na mutum tara yake bai cika goma ba. Boganda ba uzuri yake bayarwa ba. Ya tashi a zamanin kamfanonin roba da aikin tilas, lokacin da ake auna baƙar fata da kwandon da ya cika, ya ce wa masu mulkin nan duk wanda ka gani mutum ne. Fassarar da ta riƙe wannan ita ce "kowane mutum, mutum ne". Babu sharaɗin suna, babu na addini, babu na garin kaka. Tsarin mulkin 2016 ma ya ambaci wannan ƙa'ida da sunanta a gabatarwarsa. Ga hujjar da yaro zai tsaya a kanta ba mai ture shi, ba yatsan da ke cikin shuɗin gida ba.

A ƙasan garkuwa akwai kalmomi uku na Faransanci da ke saman takardun gwamnati: Unité, Dignité, Travail. Ta farko haɗin kai, ta ƙarshe aiki, babu gardama. Ta tsakiyar ce ake ja. Na ga an sa daraja, na ga martaba, na ga girma. Duk ukun hawa-hawa ne: wani ya fi wani daraja, sarki ne mai martaba, girma kuwa na manya ne. Kalmar da ba ta da hawa ita ce mutunci, kuma ka duba daga ina ta tsiro, daga mutum. Almajiri yana da shi, attajiri yana da shi, ana kiyaye shi, ana kuma cin sa. A wannan gaɓa Hausa ta fi Faransanci sa'a, don ta ɗaure ƙyallen sama da na ƙasa da igiya ɗaya. Abin da zan roƙa kawai, a daina ce wa kalmomin nan "taken ƙasa". Taken ƙasa shi ne wanda ake miƙewa tsaye a rera, La Renaissance. Waɗannan a ce musu kalmomin tambari, ya wadatar.

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce, don sun sha faɗa mini a inuwar makaranta. Aji cike maƙil, benci bai isa ba, wasu yaran sun yi shekaru ba karatu saboda rikici, makarantu da yawa a ƙauyuka iyaye ne ke haɗa kuɗin biyan malami, kai kuma kana nan kana rigima a kan kan giwa da giwa. Gaskiya ne, bayanin tambari ba ya sayen alli. Amma faɗin daidai ba ya cin lokaci fiye da faɗin kuskure, minti goman nan ne dai. Kuma yaron da aka saba masa ya bambanta abin da ya gani da abin da aka ce masa, shi ne gobe zai tsaya ya duba hoton da aka turo masa a WhatsApp kafin ya yarda cewa an ƙona masallaci ko coci. A garin nan mun ga abin da jita-jita ke jawowa kafin la'asar.

Ga yadda nake rubuta shi a allo, wanda yake so ya ɗauka. Tambarin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya garkuwa ce mai gida huɗu. A sama ta hagun mai kallo, farin kan giwa a kan kore. A sama ta dama, koriyar bishiya a kan fari. A ƙasa ta hagu, baƙaƙen siffofi uku masu tsini huɗu a kan rawaya, suna nufin daiman. A ƙasa ta dama, baƙin hannu mai nuni da manuniya a kan shuɗi, alamar jam'iyyar MESAN. A tsakiya, ƙaramar jar garkuwa mai farin da'ira, cikinsa baƙar taswirar Afirka da tauraro rawaya. Zankonta rana ce mai hudowa, ɗauke da ranar kafa jamhuriya, 1 ga Disamba 1958. Tutar ƙasa tana kowane gefe. A sama an rubuta "kowane mutum, mutum ne" da Sango. A ƙasa an rubuta "haɗin kai, mutunci, aiki" da Faransanci, da lambar girma ta ƙasa tana rataye.

Kalma ɗaya ce har yanzu muke ja da wani abokin aikina Bazazzagin asali. Shi ya ce zanko na zakara ne da 'yan yara, bai dace da abin gwamnati ba, a ce tukku ko kambi. Ni kuma na ce kambi na sarauta ne, mun kuwa ga inda kambi ya kai mu ranar 4 ga Disamban 1977. Masu karatu na Sakkwato da Maraɗi, musamman waɗanda suka san sunayen kayan doki da na lifidi, idan akwai sunan da mahaya ke kiran adon saman kwalkwali da shi, a taimaka a aiko mana kafin Disamba, lokacin da muke wannan darasi.